Siraran Haruffa a Shagon Tabarau

Zuwa ga Yaya,

Ina gaishe ka da kyau. Gwaggo ta ce zazzaɓi ya kwantar da kai kwana uku, ina fatan ya sake ka. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Baba ta yi sauƙi, ya daina ɗaure ta. Inna tana gaishe ka.

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, kai ma don a takarda ne shi ya sa zan iya. Ranar da ka buɗe mana shafin shago a kwamfutarka, kowa ya taru yana cewa ya yi kyau, ni ma na ce ya yi kyau. Ƙarya na yi. Ban ga rubutun ba. Na ga hoton tabarau, sai wasu zare-zare masu ruwan toka a kan fari. Idona ya daɗe haka. Tun ina aji huɗu ƙananan haruffa suke narke mini, a allo ko a littafi, sai dai in haddace abin da aka faɗa. Kunya nake ji a ce 'yar mai shagon tabarau ba ta gani. Don Allah kada ka gaya wa Gwaggo.

Amma ba don idona na rubuto ba.

Ka san Likita tana zuwa shagonmu sau biyu a wata ta gwada idon mutane, su kuma su zaɓi tabarau a wurin Baba. Ka san ranar ba ta tsayawa wuri ɗaya, sai asibiti ya fitar da jerin aiki take sanar da mu, kwana uku kafin ta zo. A da Baba yana buɗe littafin lambobi ya kira mutane ɗaya bayan ɗaya. Da ka zo hutu ka ce wannan aikin mutanen da ne. Ka yi mana shafi, ka manna adireshinsa a jikin gidajen tabarau, ka koya mini yadda zan shiga in sa rana, sannan ka tafi da littafin ka ce za ka zuba lambobin a kwamfuta.

Ina sa ranar kamar yadda ka koya mini, ban taɓa makara ba. A da benci biyu ba sa isa, har a kan matakala ake zama. Zuwan Likita na farko bayan tafiyarka mutum tara suka zo. Na jiya, biyar. Baba ya ce ni ce nake shirme a kwamfuta.

Ni da nake tsaye a kanta ina ganin abin da yake faruwa. Mutum zai buɗe shafin a wayarsa, ya daɗe yana kallonsa bai ce komai ba. Baba ma da na nuna masa a tasa wayar, ya yi shiru ya fi minti biyu yana kallo.

Ko za ka sa haruffan su yi kauri? Kuma ka aiko mana da littafin lambobin.

Wasiƙar nan zan saka ta a kwalin da direba yake komawa da shi idan ya kawo gilasai. Kada ka turo amsa ta waya, Baba ne yake riƙe da ita. Ka ba direban.

Ƙanwarka.

*

Shiru-shiru,

Na warke, sauro ne kawai. Ki gaida Kawu da Inna.

Sai da na yi dariya kafin in fara karatu. Shafi uku kika cika da maganar da ba ta fi rabin shafi ba, kowane harafi kamar za a rataye shi a bakin titi. Mai irin wannan rubutun ce za ta koya mini haruffa?

Kin ce mutane suna daɗewa suna kallo ba su ce komai ba, har Kawu ya yi minti biyu. To me kike so su ce? Haka mutum yake yi idan ya ga abin da bai saba gani ba. Wannan shi ne labari mafi daɗi a wasiƙarki, ke ce ba ki san abin da kika gani ba.

Bari in yi miki bayani daidai ƙwaƙwalwarki. Haruffa iri biyu ne. Akwai waɗanda suke zuwa a cikin kowace waya tun daga kamfani, su ne kike gani a saƙo da sunayen mutane. Su kamar rigar makaranta ne, kowa da irinta, mai gyaran takalmi da mai sayar da taya duk da su suke rubutu. Kuma kowace waya da nata, sai ki ga shafi ɗaya ya fito kala goma a wayoyi goma. Akwai kuma waɗanda mai shafi yake zaɓa da kansa, waya ta sauko da su daga intanet idan an buɗe shafin. Su ne suke ba shago fuska. Mako biyu na yi ina zaɓar namu. Iri huɗu na sa: siriri, da siriri sosai, da mai kwanciya, da na take. Sirantar da kike kuka da ita, ita ce take gaya wa kwastoma cewa nan ba rumfar kasuwa ba ce.

Kin amsa tambayarki da kanki a farkon wasiƙa: ba ki gani. Matsalar tana fuskarki, ba ta shafina. A nan na gwada shi a kwamfutoci uku, kafin ki ƙifta ido ya buɗe.

Mutane sun ragu don lokacin aiki ne. Za su dawo.

Littafin lambobi yana nan wani wuri, zan duba.

A wurin da kike sa rana, ƙasa kaɗan, akwai akwati biyu da aka rubuta haruffa a kansu. Kada hannunki ya kai can. Aikinki rana ne kawai.

Yayanki.

*

Zuwa ga Yaya,

Ina gaishe ka. Na ji daɗi da ka warke. Inna mura take yi amma tana tashi. Baba lafiya.

Na gode da ka riƙe mini sirri na kwana huɗu. A rana ta biyar Gwaggo ta shigo shago, ga mutum biyu suna gwada firam, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce wa Baba, "Kai da kake sayar wa duniya ido, 'yarka tana laluben hanya a gabanka!" Baba ya dube ni ta saman tabarau ɗinsa ya ce, "Haka ne?" Na so ƙasa ta buɗe. Na shiga bayan labule na zauna a kan kwalaye har suka tafi.

Da Likita ta zo, ni aka fara zaunarwa. Yanzu ina da tabarau, firam baƙi wanda ya shekara biyu ba a saya ba. Ina gani. Na ga ashe fankar shago tana da datti haka. Na kuma ga haruffanka. Suna da kyau, Yaya, ban musa ba. Irin kyan da za a sa a katin gayyata ne a ajiye a durowa.

Tunda ka ce matsalar tana fuskata, an gyara fuskata. A ranar mutum huɗu suka zo, har da ni.

Ka karanta shirun mutane yadda ka ga dama. Bari in faɗa maka abin da yake cikinsa. Kashegari Mai Ɗinki ta zo, wadda shagonta yake bayan tasha, motar haya biyu take hawa kafin ta iso. Ta ce ta zo gwaji. Na ce Likita ai jiya ta zo. Ta ajiye wayarta a kan kanta da ƙarfi ta ce, "To karanta mini." Na buɗe. Hoton tabarau ya fito, wurin rubutu fari fat. Muka tsaya muna kallo, ni da ita. Wannan shi ne shirun. Can sai rubutu ya fito, ta kai wayar nesa, ta dawo da ita kusa, ta karkata kai.

Ta ce, "Wannan rubutu ne ko gashin gira? 'Yar nan, da ina iya karanta wannan me zai kawo ni shagon ubanki?"

Tsohon Direba, wani kwastomanmu da ya daina tuƙi, yana zaune a benci yana jira a ɗaure masa hannun tabarau. Ya ce, "Ni na zaci wayata ce ta fashe. Har na kai ta wurin gyara."

Ta ce, "Wa ya yi muku wannan aikin?"

Baba ya ce, "Ɗan ƙanwata ne, yana babbar makaranta."

Ta ce, "Allah sarki. A can ba su da tsofaffi ne?"

Ranar gwajin na nuna wa Likita ma kafin ta tafi. Ta duba, ta ɗaga kai ta kalli allon gwajin da ke jikin bango, wanda haruffansa suke farawa manya su ƙare ƙanana. Ta ce yayanki ya ɗauko layin ƙarshe ya manna wa marasa gani. Ba da wasa ta faɗa ba. Ta gaya wa Baba tana barin hutunta ne ta zo nan, kuma akwai wani shago da ya daɗe yana roƙonta. Za ta ƙara zuwa sau biyu. Idan benci bai cika ba, shi ke nan. Ka san in babu gwaji, babu wanda zai zo neman gilashin magani a wurinmu, sai masu neman baƙin tabarau na rana.

Baba ya rubuta sanarwa a kwali ya kafa a ƙofa. Amma masu wucewa ta ƙofarmu ba su ne masu zuwa gwaji ba. Lambobi shida kawai ya samu a wayarsa.

Littafin, Yaya.

Ƙanwarka.

*

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa. Murar Inna ta tafi.

Direba ya zo jiya, na juye kwalin har na zazzage takardun da ake naɗe gilasai, babu amsa. Ya ce ya ba ka hannu da hannu, ka sa a aljihu kana magana da abokai. Na gane, aiki ya yi maka yawa.

Likita ta yi zuwa na farko cikin biyun. Mutum bakwai, shida daga cikinsu waɗanda Baba ya kira ne. Ba ta zauna ta sha ruwa ba.

Na lura da wani abu. Ban taɓa akwatunan ba, kallo kawai na yi. A wayar Tsohon Direba, idan sabis ya yi rauni, bayan farin nan rubutun yakan fito da haruffan wayar, baƙaƙe masu kauri, irin na saƙo. Ya fara karantawa da ƙarfi, ya kai "Likita za ta zo ranar", sai shafin ya yi tsalle, naka suka iso suka kore su. Ya ce, "Kai! Wa ya ɗauke?" Mun gwada sau uku, sau uku ana ƙwace masa a baki.

Wato mutane suna jira, datarsu tana ƙonewa, don a kawo musu abin da zai hana su karatu. Ni firamare na gama, wataƙila akwai hikimar da ban kai gare ta ba. In akwai, ka rubuto ta da manyan haruffa.

Ƙanwarka.

*

Shiru-shiru,

Ina lafiya, sai gajiya. Wasiƙunki biyu suna gabana. Na ga tabarau ya buɗe miki baki.

Maganar Mama, taimakonki na yi. Ga shi kina gani. Ba sai kin gode ba.

Littafin ban same shi ba. Mun canja ɗaki, ina jin ya bi tarkacen da aka zubar. Ba wani abu ba ne, yawancin lambobin ma sun mutu.

Yanzu ki saurara da kyau. Shafin nan shi ne aikina na ƙarshen shekara. Ranar ashirin ga wata malamai uku za su zauna su buɗe shi a babban allo, kai tsaye daga intanet, a gaban ajinmu. Ɗaya daga cikinsu yana da kamfani, duk shekara yana ɗaukar mutum biyu. Abin da ya fi yaba mini a shafin shi ne haruffan. Kina so in tsaya a gabansa da rubutun saƙon waya saboda wata mai ɗinki ta ƙi sayen wayar kirki? Ba a yin dizain don wayar da ta fi kowace lalacewa a gari. Wanda yake son ci gaba shi yake tashi ya same shi.

Tsallen da kika gani kowane shafi na zamani yana yi. Akwai yadda ake rage shi, in na samu lokaci bayan jarrabawa zan duba. Likita kuma barazana take yi, ina za ta? Kawu ya ba ta haƙuri, ya ƙara mata wani abu.

Bayan ashirin ga wata ma yi magana. Kafin nan ina buɗe shafin kullum da safe. Idan na ga an taɓa ko ɗigo ɗaya, zan mayar da shi cikin minti ɗaya, kuma zan gaya wa Kawu ya raba ki da kwamfutar ki koma goge gilasai, wanda dama shi kika iya.

Ki gaida gida.

Yayanki.

*

Zuwa ga Yaya,

Ina gaishe ka, ina fatan gajiyar ta ragu. Kowa lafiya a nan. Gwaggo ta zo shekaranjiya, tana ta gaya wa mutane za a ɗauke ka aiki.

Yau goma sha tara ga wata. Direba sai jibi zai zo, saboda haka lokacin da za ka karanta wannan ka riga ka san rabinsa. Ina rubuta ɗaya rabin ne.

Ranar goma sha bakwai da safe Likita ta kira Baba ta ce zuwanta na ƙarshe ranar ashirin ne. Ba ita ta zaɓa ba, asibiti ne. Baba ya ajiye waya ya ce mini, "Je ki sa a abin naku, ko ba komai mun fita haƙƙi." Ya koma ya zauna yana jera firam ɗin da ya riga ya jera. Dama ya riga ya roƙe ta kamar yadda ka ce. Ta ce ba ƙari take nema ba, mutane take nema.

Na shiga na sa ranar. Sannan na gangara ƙasa. Akwatuna biyun suna nan, ɗaya na take, wato sunan shago, ɗaya na sauran rubutu. Na daɗe ina kallonsu. Na danna na biyun, sai ga jeri ya sauko, a can ƙarshe an rubuta haruffan na'ura. Abin da ka yi mako biyu kana zaɓa, dannawa ɗaya ce ta cire shi. Na ga wurin launi a gefe, na mayar da ruwan tokar baƙi. Sunan shago na bar maka shi da naka haruffan, babu wanda yake buƙatar karanta shi, kowa ya san inda ya zo.

Gaskiyarka a abu ɗaya. Na gwada a wayoyi biyar, kowace da yadda ya fito. A ta Baba haruffan zagaye ne, a ta mai shagon kusa da mu dogaye. Ba su da kyau ko kaɗan. A duka biyar ɗin ranar ta fito kafin hoton ma ya gama buɗewa.

Na ari wayar Baba na kira mutum shidan nan, ni da ba na iya gaishe da baƙo. Na ce kowa ya gaya wa wanda ya sani a sake buɗe shafin, an gyara. Da rana Mai Ɗinki ta kira da kanta. Baba ya ɗauka, ina jin muryarta daga inda nake. Ta ce, "Ranar ashirin, ƙarfe tara zuwa biyu. Ni na karanta da idona, ba jikata ba. Wa ya sa wa yaron naku hankali?" Baba ya ce, "Ai dama na san zai gyara, yaron yana da kai." Na ci gaba da goge gilasai. Ta ce za ta zo da mata uku daga layinsu. Daga jiya zuwa yau mutum goma sha ɗaya sun kira suna tambaya ko su zo da tsohon tabarau ɗinsu. Ban san nawa za su zo gobe ba. Na share ƙarƙashin matakala, na aro benci na uku.

Na san ka gani, don wayar Baba ta yi ta ƙara jiya da yau. Ni nake riƙe da ita saboda masu kira, shi ya ba ni. Na ga sunanka sau tara. Na kuma ga saƙon da kake tambaya me ya sa ba ka iya shiga. Na canja kalmar sirri tun kafin in tashi daga kujera. Lambar da ake turowa idan an manta, wayar Baba take zuwa, ita ma na ga ta shigo sau biyu.

Ban ji daɗi ba, kada ka zaci na ji. Na yi tunanin ka tsaye gobe a gaban malamanka da rubutun saƙon waya a babban allo. Kana da baki, za ka sami abin faɗa. In ka rasa, ka ce musu shagon na masu ciwon ido ne. Ban sani ba ko ka taɓa gaya musu.

Gobe da yamma, bayan Likita ta tafi, zan gaya wa Baba duk abin da na yi, tun kafin kai ko Gwaggo ku riga ni. In ya raba ni da kwamfutar, ya raba ni. Kalmar sirrin shi zan ba, a rubuce. In kana sonta ka zo ka karɓa a hannunsa, ranar gwaji, ka zauna a benci tukuna.

Haruffan ba zan mayar ba.

Ƙanwarka.